Diyyar Iorfa

A shekarar 1956 ni ne akawun leburori a wani kamfanin Turawa mai sayen riɗi a Lafiya, dab da tashar jirgin ƙasa. Sunana Kalilu. Kada kalmar akawu ta ruɗi kowa. Tebur ne mai gurguwar ƙafa a bakin sito, da littafi mai baƙin bango, da alƙalami, sai ni a bayansu ina hura hanci kamar da kuɗin ubana aka kafa kamfanin. Aikina in kira lamba da safe in yi wa mai ita alama, in sake kira da yamma. Leburori talatin da biyu ne, kowa da lambarsa ta tagulla rataye a wuya. Ba a kiran suna. Manajanmu, wani Bature da leburori suka laƙaba wa Mai Lofe, shekararsa biyu a garin, amma da za a jera masa su ba zai iya nuna wanda ya gani jiya ba.

Fiye da rabin leburorin Tibi ne, daga ƙauyukan da ke bayan Keana. Su kuwa mutanen nan sun ɗauki lamba kamar gonar gado. Abin da ɗaya ya samu na gida ne, in ka ci sai ka miƙa wa ɗan'uwanka. Saboda haka in ƙarshen damina ya zo, lokacin tada kunyar doya, sai mai lamba ya cire ta ya rataya wa ƙaninsa ko ɗan baffansa, shi ya tafi gona wata ɗaya ko biyu. In na kira lamba wani ya amsa, in yi alama, shi ke nan. Baballe, heluman leburori, ya sani. Ni ma na sani. Har na fi kowa sani, don duk wanda ya dawo daga gona sai ya ajiye mini doya a ƙarƙashin teburin nan, wani ya haɗa da ƙullin gishirin Keana, kuma ban taɓa cewa a mayar ba.

Lamba goma sha huɗu ta Iorfa Ugondo ce. Ya riga ni zuwa kamfanin, ya riga manaja, ya riga kwanon da aka rufa siton da shi. Mutum ne gajere mai faɗin kafaɗa, ba shi da yawan magana, in ya ɗauki buhu sai ka ji haushin kanka. Ƙaninsa Aper shi ke riƙe masa lambar duk shekara, kaka huɗu ke nan a jere. Aper dogo ne, mai surutu da waƙa, ga tsokana. Shi ya fara kirana Malam Alƙalami, wai tunda ya san ni bai ga na ɗaga abin da ya fi shi nauyi ba. Ina jin haushin sunan, amma ina son yaron.

A farkon shekarar nan wata takarda ta zo daga babban ofis, shafi uku, an buga ta da keken rubutu, tana bayyana yadda kowane reshe zai riƙa tafiyar da ma'aikatansa. Mai Lofe ya miƙo mini ya ce in karanta wa leburori da Hausa. Na tara su a inuwar sito na karanta. Wanda ya ji rauni a bakin aiki, kamfani zai yi jinyarsa. Wanda ya mutu a bakin aiki, za a biya iyalinsa diyya. Wanda ya cika shekara goma ba tare da yankewa ba, in zai tafi za a ba shi kuɗin sallama. Nan wuri ya kaure da murna, ana ta dukan kafaɗar Iorfa, don shi kaɗai ne ya kusa goma.

Akwai sharaɗi na bakwai a shafi na biyu. Shi ya ce duk waɗannan alherai na wanda sunansa ke cikin littafi ne kaɗai, kuma duk leburan da ya ba wani lambarsa korarre ne, shekarunsa sun zube, haka ma akawun da ya yi masa alama. Na iso wurin, na dubi fuskokinsu, na tuna doyar da ke ƙarƙashin teburina, sai na tsallake shi na wuce na takwas. Na gaya wa kaina wai ba na son in ɓata musu rai ne. Ƙarya nake. Na takwas ɗin ma cewa ya yi kada a jera buhu ya wuce hawa goma, shi kuma manaja ne ya tsallake shi, don haka ni da shi babu mai yi wa wani gori.

Da riɗi ya fara shigowa a shekarar, sai taragu suka yi mana wuya. Jirgi ya zo ya wuce, ba a yanke mana ko ɗaya ba. Motoci kuwa ba su fasa saukewa ba. Sito ya cika, aka ci gaba da jerawa sama, hawa goma sha biyu, sha huɗu, sha biyar, har mutum na taɓa kwano da kansa. Baballe ya yi magana sau ɗaya, manaja ya tambaye shi ko a ɗakin matarsa za a zuba sauran. Iorfa ya tafi gona tun mako uku da suka wuce, saura masa wata huɗu ya cika shekara goma. Aper ne ke amsa sha huɗu.

Riɗi ba shi da amana. Buhu ɗaya ya huje a ƙasa, ya tsiyaye a hankali ba wanda ya lura, sai na sama su biyo shi. Ranar wata Talata da hantsi ina zaune a teburina na ji ƙara, ba mai tsanani ba ma, kamar an yar da katifu. Sai waƙar da ake yi a ciki ta tsaya. Kafin a janye buhunan da suka danne shi an ɗauki lokaci, don duk wanda aka ja sai wani ya gangaro. Da aka fito da Aper yana numfashi, idonsa a buɗe, riɗi ya cika masa gashi da kunne. Aka ɗora shi a kan ƙyauren da aka ciro, mutum shida suka ruga da shi ɗakin shan magani. Bai kai azahar ba.

Mai Lofe ya fito daga ofis fuskarsa ta yi fari fat, ya tsaya a kaina ya tambaye ni wane ne. Da na buɗe baki na ce Aper ne, da labarin nan bai zama abin ba da labari ba. Sai na ce lamba goma sha huɗu ce. Ya jawo littafin, ya bi layi da yatsa, ya karanta sunan da ke wurin da kyar, Iorfa Ugondo, ya koma ciki. Kafin la'asar waya ta tafi babban ofis da sunan. Ni kuwa ina zaune, ina ce wa kaina ai ban yi ƙarya ba, lamba aka tambaye ni na faɗa.

Leburori suka kai gawar ƙauye. Da yamma Baballe ya zo ya tsuguna kusa da teburina, abin da bai saba ba, ya tambaye ni abin da za a yi. Sai a ranar na karanta masa sharaɗi na bakwai. Ya daɗe yana kallona. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni da na fi jin daɗi. Ya ce in gaskiya ta fito ba Iorfa kaɗai za a kora ba, lamba goma sha tara ce ake karɓa-karɓa da ita a siton nan, shi ma da ni mun tafi. Matar Aper kuma ko anini ba za ta gani ba, ga 'ya'ya biyu, ga ciki. Gaba kura, baya sayaki. Kowa ya san abin da ɗan'uwansa ke tunani, kowa na jiran ɗayan ya fara faɗa. Ni na faɗa, tunda ni ne mai ilimi.

Bayan kwana biyar Iorfa ya dawo. Baballe ya tare shi a hanya, ya hana shi isowa sito, ya kai shi ɗakin da yake haya a unguwar Akurba, ni kuma na same su can bayan an tashi aiki. Ya rame. Yana zaune a kan tabarma, lambar na hannunsa, an wanke ta. Na yi masa gaisuwa, sannan na zaro takardar babban ofis na karanta masa sharaɗin da Turanci tukuna, don ya ji nauyinsa, kafin na juya masa da Hausa. Na shimfiɗa masa hanya biyu kamar mai adalci. In aka ce Aper ne ya mutu, Aper ba ma'aikaci ba ne, babu diyya, shi kuma Iorfa korarre ne, shekarunsa sun tafi. In aka bar magana yadda waya ta kai ta, shekarun dai sun tafi, amma Mwuese, matar Aper, za ta karɓi diyya a matsayin matar Iorfa. Ko ta ina shi ya yi hasara, bambancin kawai ko marayu su ci ko kada su ci. Ban ambaci kaina ba ko sau ɗaya.

Ya tambaya ko wannan sharaɗi yana cikin takardar tun ranar da na karanta musu. Na ce daga baya aka ƙaro shi. Baballe ya sunkuyar da kai.

"To ni fa, Malam?" in ji Iorfa. "In takarda ya ce na mutu, ina zan tsaya?"

"A takarda ne kawai," na ce masa. "Takarda ba ta kashe mutum. Ka koma gida ka yi nomanka, wa ya san littafin kamfani a ƙauye?"

"Matan shi yana da ciki," ya ce, ba da ni yake ba. Ya juya lambar a tafinsa, ya miƙo mini. "Ni na sa mishi wannan a wuya. A ba yaran."

Na karɓa na sa a aljihu. Ina fita na ji wani sanyi a raina, kuma ba zan ɓoye ba, sanyin tsira ne. Washegari na ɗauki jan alƙalami na ja layi a kan sunan Iorfa Ugondo, na rubuta kwanan wata a gefe da kyakkyawan rubutuna.

Mako biyu bayan haka jami'in ƙwadago ya zo daga Makurɗi a jirgin safe. Mutumin Kudu ne mai tabarau, da jakar fata, yana jin Hausa daidai gwargwado. Ya shiga sito ya ƙirga hawan buhu, wanda a lokacin an sauke shi ya koma goma cif, ya dubi manaja ta saman tabarau. Sannan aka shigo da Mwuese ofis. Yarinya ce ba ta fi ashirin da biyu ba, an aske mata kai, ɗa ɗaya a baya, ɗaya riƙe da zaninta. Baballe ya kwana biyu yana koya mata abin da za ta ce. Iorfa ne ya rako ta daga ƙauye, amma an ce ya tsaya can hayin layin dogo. Ta tagar ofis ina hango shi a gindin wani mangwaro.

Jami'in ya tambaye ta shekarun aurensu, ta faɗa. 'Ya'ya nawa, ta faɗa. Sai ya tambaye ta sunan mijinta. Ta yi shiru. Ya ɗauka ba ta ji ba ne, ya ce in maimaita mata, na maimaita. Ta dubi ƙasa, leɓenta na motsi ba sauti. Ni dai na san sunan da ke bakinta, kuma gumi ya jiƙa mini riga har gadon baya. Can ta ce, "Iorfa," da wata murya da ban so in sake ji. Aka kama babban yatsanta aka dangwala a tawada, aka dangwala a takarda. Ta fita tana goge yatsan a zani, tana gogewa, har ta ɓace mini.

Mai Lofe ya tafi kawo wa baƙo shayi, aka bar ni da jami'in yana tattara takardunsa. Ya yaba rubutuna, ya ce ya zaga rassa da yawa bai ga littafi mai tsabta kamar nawa ba. Sai ya hango takardar babban ofis a kan tebur, ya ɗauka ya duba, ya yi tsaki da ya iso shafi na biyu. Ya ce kamfanoni na son rubuta irin wannan don su tsorata mutane. Korar ma'aikaci dai ruwansu ne, amma diyya ba su ke da ita ba.

"Malam Akawu, ka riƙe wannan," in ji shi. "In mutum ya mutu yana ɗaukar kayanku, a cikin sitonku, da sanin helumanku, ko sunansa na littafi ko ba ya ciki, ni sai na sa sun biya. Ka gaya wa mutanenka, don na san ba a gaya musu."

Ya rufe jaka. Tawadar yatsan Mwuese ko bushewa ba ta gama yi ba. Iorfa na nan a gindin mangwaro, taku ɗari tsakaninmu, da na leƙa taga na ɗaga hannu zai zo. Na san abin da zai biyo baya: a yaga takardar a sake wata da sunan Aper, matarsa ta karɓi haƙƙinta da sunan mijinta na gaskiya, Iorfa ya rasa aiki amma ya tashi da sunansa, wataƙila ma mutumin nan mai tabarau ya tsaya masa a kan shekarunsa. Ni kuma in kwashe alƙalumana in bar teburin. Duk wannan ya wuce ta kaina kafin manaja ya dawo da shayi. Na ce wa jami'in na gode, zan gaya musu. Ban gaya wa kowa ba, har Baballe.

Diyya ta fito bayan wata biyu, aka damƙa wa Mwuese a gaban shaidu. Na ɗauka magana ta ƙare. Manaja ya kawo sabon tsari saboda tsoron jami'in: daga yanzu suna za a riƙa kira da safe, ba lamba ba, kowa kuma ya dangwala yatsa ranar biya. Karɓa-karɓar lamba ta mutu a ranar. Wanda gona ta kira shi sai ya ajiye aiki ya tafi, in ya dawo a ɗauke shi sabo.

Labarin Iorfa a bakin leburori na riƙa tsintarsa, guntu-guntu, don ba su cika son yin maganar a gabana ba. Ashe na yi wauta da na ce ba wanda ya san littafin kamfani a ƙauye. Mutum shida suka kai gawa, kuma duk sun san sunan da aka aika a waya. A wurinsu saurayi mai ƙarfi ba ya mutuwa haka kawai a binne a tashi. Dole dattawan dangi su zauna a bincika ta inda mutuwar ta shigo gidan. Da suka zauna, tambayoyin da suka yi ba na mahaukata ba ne. Wa ya kamata ya kasance a ƙarƙashin buhunan nan ranar? Iorfa. Wa ya rataya wa yaron abin da ke wuyansa? Iorfa. Sunan wa Bature ya rubuta a cikin matattu, har ya biya kuɗi a kai? Na Iorfa. To ga Iorfa zaune yana numfashi, ga Aper a ƙasa. Mutuwa ta zo da sunan wani ta tafi da wani, kuma kuɗi sun biyo baya.

Ya yi musu bayani, aka ce, ya faɗi maganar takarda da sharaɗi na bakwai. Bayanin ya ƙara tabbatar musu ne, don da bakinsa ya ce shi ya yarda a ba da sunansa. Ba su kore shi ba, ba su taɓa shi ba. Sai dai ba mai sa hannu a ƙwarya ɗaya da shi. In ya iso inuwar da ake hira sai hira ta watse. Ranar da ya kira gayya a gonarsa ba wanda ya zo. Mwuese ta kwashi 'ya'yanta ta koma gidan ubanta kafin ta haihu, ta ce ba za ta iya kallon mutumin da ta kira mijinta mamaci yana wucewa ta ƙofar ɗakinta ba. Matarsa ta gaskiya kuwa mata suka riƙa yi mata gaisuwar takaba a bakin rafi, da wasa da gaske, har ita ma ta tafi ganin gida ba ta dawo ba.

Ina jin waɗannan ina cin tuwona. Ba zan ce ban damu ba, na damu, har ramewa na yi matata Batulu ta ɗauka shawara ce ta dafa mini saiwoyi. Amma damuwar da ba ta ɗaga mutum daga kujerarsa ba, ban san amfaninta ba.

Wata bakwai bayan mutuwar Aper, da tsakar rana, ina cike takardun biya sai inuwa ta rufe mini littafi. Na ɗaga kai na ga Iorfa. Kafaɗun nan sun zube, rigar da ke jikinsa ta yi masa yawa. Leburorin da ke kusa suka ajiye buhu suka tsaya, ba wanda ya matso. Ya gaishe ni da ladabi kamar yadda ya saba, ya tambayi iyali, sannan ya ce aiki yake nema. Ya je wurin masu gyaran hanya, an ce ya kawo takardar shaida daga inda ya yi aiki a da. Ya je wurin 'yan katako, heluman wurin ɗan ƙauyensu ne, ya ƙi ɗaukarsa. Nan kaɗai ya rage masa, kuma buhu kaɗai ya iya.

Muna neman hannu a lokacin, kuma manaja ba zai gane shi ba ko da zai kwana a gabansa. Amma sunansa na nan a shafi na huɗu da jan layi a kai, kwafinsa na babban ofis, wani na Makurɗi. Na gaya masa a hankali cewa ba zan iya rubuta Iorfa Ugondo sau biyu ba. Na ce ya zaɓi wani suna, kowanne, ko Terngu ko Ɗanmusa, ai suna a littafi ba komai ba ne. Ina faɗa na ji kunyar bakina, don irin maganar da na yi masa ke nan a Akurba.

Ya daɗe tsaye yana kallon ƙofar sito.

"Akwai suna ɗaya," ya ce. "Mai shi ya yi kaka huɗu a nan. Ya mutu a nan. Ba ka taɓa rubuta shi ba."

Na ce masa ya sake tunani, mutane za su yi magana. Ya ce mutane sun gama magana.

"Rubuta, Malam. Aper Ugondo. Ko sau ɗaya a ce ya yi aiki a wurin nan."

Na tsoma alƙalami na rubuta. A gurbin da ake sa shekarun da mutum ya yi a baya na ja ɗan gajeren layi, alamar babu. Ya dangwala yatsa, ya tuɓe riga, ya shiga sito. Ina jin lokacin da buhun farko ya hau bayansa, don ya yi wani nishi da ban san shi da shi ba.

Washegari da safe na tsaya kiran suna. Ina sauka layi-layi, ana amsawa, har na iso na ƙarshe. Na kira shi. Wuri ya yi tsit. Cikin mutanen da ke tsaye akwai shidan da suka ɗauki mai sunan a kan ƙyaure, ɗayansu ya juya baya, Baballe ya kama kallon ƙafafunsa. Iorfa na tsaye a ƙarshen layi shi kaɗai, an bar fili tsakaninsa da na kusa da shi, idonsa a kaina, kamar yana jiran wani ya amsa. Sai da na sake kira.

"Ga ni," in ji shi.

Haka muka yi shekara shida, ni da shi, kowace safiya ban da Lahadi. Ban saba ba har aka gama, shi ma ban ga alamar ya saba ba, kullum sai ya ɗan jinkirta kafin ya amsa. Sau da yawa na shirya in gaya masa abin da jami'in nan ya faɗa mini, in na dube shi sai in ga babu abin da maganar za ta mayar masa, sai in bari. Wannan ma wataƙila wata ƙaryar ce da na yi wa kaina.

A shekara ta shida bayansa ya gaza. Ba rauni ba ne na rana ɗaya da za a kira haɗari a biya, lalacewa ce ta yau da gobe, takarda kuwa ba ta san wannan ba. Sabon manajan da muke da shi a lokacin ya ce in duba ko mutumin ya cancanci kuɗin sallama. Na buɗe littafi, ko da yake na san abin da ke ciki, na ce shekararsa shida. Aka biya shi kwanakin da ya yi a watan, ya karɓa ya gode. Kusan shekara goma sha shida ya yi yana ɗaukar buhu a siton nan. Na bi shi da ido ya tsallaka layin dogo a sunkuye, hannu ɗaya a ƙugu, bai nufi hanyar Keana ba, ban kuma san inda ya nufa ba.

Ni na cika shekaruna lafiya. Ranar da zan tafi aka tara ma'aikata, manaja ya yi jawabi a kan riƙon amana, aka ba ni kuɗin sallamata cif, ba a rage ko kwabo ba, har da agogon hannu.